Maiwada Ya Canja Mota

A tashar motar Gaya babu wanda bai san Maiwada ba, ba don ya fi kowa sanin mota ba, sai don ya fi kowa faɗin cewa ya sani. In mota ta wuce a titi sai ya ɗaga yatsa, ya karkata kai, ya ce, "Ku yi shiru. Kun ji? Wannan nan da kwana uku injinta zai buga." Motar za ta shekara tana wucewa lafiya lau, shi kuwa ya ce ai mai ita ne ya sami labarin maganarsa ya ruga ya gyara.

Sana'arsa jigilar kaya da fasinja tsakanin Gaya da Ajingi, da wata tsohuwar wagon fara, irin ƙirar nan da direbobin yankin suka raɗa wa suna Ƙi-mutu. Shekararta goma sha ɗaya a hannunsa. Ta ɗauki gyaɗa, ta ɗauki gero, ta ɗauki 'yan biki mutum goma sha huɗu da mai kiɗansu, ta taɓa ɗauko injin niƙa da mai injin zaune a kai, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sauke injinta ba. Kamalu bakanike, abokin Maiwada tun firamare, yakan ce da duk motocin Gaya irinta ne da tuni ya rufe gareji ya koma sayar da rake. Ita ke ciyar da gidan Maiwada, ita ke sayen taki, ita ta saya masa shanun huɗa guda biyu da yake alfahari da su. Laifinta ɗaya a wurinsa: in ya wuce ba a juyowa a kalle shi.

Bayan kaka wani Alhaji Kabo ya buɗe wurin sayar da motoci a bakin titin da ya nufi Wudil. Ya zagaye fili da waya, ya jera motoci takwas 'yan Kwatano, ya kafa laima ya zauna a ƙarƙashinta da waya biyu a hannu. Alhaji Kabo ba ya amsa sallama sai ya dubi takalmin mutum. In na fata ne, amsar har da wabarakatuhu. In silifas ne, haɓa kawai yake ɗagawa.

Ranar da Maiwada ya tsaya, silifas ne a ƙafarsa. Ya sami haɓa. Bai damu ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wata baƙar jif mai ƙirji kamar bijimi, mai taga a rufinta. Ya kai hannu zai shafa.

"Malam, cire hannu," in ji Alhaji Kabo, ko ɗagowa bai yi ba. "Yanzu aka goge ta."

"Tambaya zan yi."

"Yi daga nan, ina ji."

"Nawa take?"

"Baldora ce fa. Miliyan huɗu da rabi."

Gaban Maiwada ya faɗi, amma bakinsa bai san da haka ba. Ya ce, "Au, shi ke nan? Na zaci mai tsada ce."

Sai a sannan Alhaji Kabo ya ɗago, idonsa ya tsallake Maiwada ya sauka kan farar wagon da ke bakin titi. Ya ajiye wayoyinsa. Ya tashi da kansa, ya zagaye ta sau biyu, ya bi gefen ƙofa da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashi.

"Taka ce? Ba a taɓa yi mata fenti ba?"

"Yadda ta zo daga kamfani."

"Alhajina, zo ka zauna a inuwa mana, ka tsaya a rana. A kawo lemo! Ka ga, ni ba na son doguwar magana. Ba ni ita a miliyan uku, ka cika ɗaya da rabi, ka ɗauki jif."

Maiwada ya sha lemo yana lissafi. In mota da ƙurarta da tsohon fentinta ta yi miliyan uku, to in aka yi mata kwalliya fa? Ai sai ta kamo kuɗin jif ɗin, ƙila ma Alhaji ya ba shi canji. Ya miƙe ya ce a ba shi mako guda, yana da 'yan shirye-shirye.

Daga nan garejin Kamalu ya zarce, inda direbobi ke zaman jiran layi. Tun bai kashe mota ba ya fara shela.

"Ku kalle ta da kyau, kallon ban kwana. Mako mai zuwa Baldora zan hau."

Kamalu ya fito daga ƙarƙashin wata bas, ya goge hannu. "Me ka ce za ka hau?"

"Baldora. Baƙa. Mai taga a sama."

"Kwana-gareji? Maiwada, ka san me ya sa muke kiranta haka? Ka taɓa ganin jif a wannan kuɗin? Wanda duk ya saya, da murna yake saye, da sadaka yake rabuwa da ita. Ko fulog ɗinta ba ka samu a Kano. Kwamfuta ce tun daga hanci har wutsiya, in ta yi fushi ko ni sai dai in tsaya in ba ta haƙuri."

"Abin da ya fi ƙarfin sifanarka shi ne mummuna. Ni fa mota ba ta yi mini gardama. Kunne kawai nake sa mata."

"To ka sa mata kunne. Amma don Allah kada ka taɓa jikin wagon ɗin nan. Fentinta na asali shi ne rabin kuɗinta."

"Ka ji bakanike yana koya mini ciniki," in ji Maiwada, yana duban direbobi. "Wa ya taɓa kai kaya kasuwa ba wanki? Ku zo ranar ku ga yadda ake murɗe dila. Sai Alhaji Kabo ya roƙe ni."

Washegari ya sayo galan biyu na fentin ƙyaure, wanda mai shago ya rantse masa ruwan gwal ne. Ya shigar da mota ƙofar gida ya kama shafe ta da buroshi. Matarsa Hure ta leƙo daga zaure, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Baban Zuhra, me motar nan ta yi maka?"

"Daraja nake ƙara mata. Shiga ciki, wannan harkar maza ce."

"To ai na ga harkar mazan tana ɗiga a kan taya."

Da fentin ya fara shan iska, gwal ya gudu, ruwan ɗorawa ya bayyana. Kafin ya bushe, maƙwabta suka fara sheƙar gero, iska ta kwaso ƙaiƙayi ta watsa wa motar tun daga gaba har baya. Da rana ta yi zafi kajin Hure suka haye bonet, suka yi ta safa da marwa, suka bar sawunsu reras kamar an yi ado da gangan. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Wani ya tambaya ko sabuwar A-daidaita-sahu ce gwamnati ta fito da ita mai ƙafa huɗu. Wata tsohuwa ta shafa jikin motar ta ce wannan ai kantun riɗi ne.

Maiwada bai karaya ba. Ya ɓamɓare tambarin motar na gaba, wai tambarin talakawa ne, ya manna wani na gaggafa mai walƙiya da ya saya wurin masu kayan babur. Saura abu ɗaya. Ya taɓa jin dilolin birni suna mayar da mitar tafiya baya don mota ta zama yarinya. Ya kwance mitar da sukundireba, ya yi ta juya lambobi baya, yana juyawa yana murmushi. Daɗin aikin ya ɗebe shi har ya wuce sifili bai lura ba. Ya mayar ya ɗaure.

Ranar da mako ya cika ya sa babbar riga da takalmin fata na aro, ya ja zugar direbobi shida su zo su ga yadda ake murɗe dila. Alhaji Kabo ya dubi takalmi, ya amsa sallama har ƙarshenta, ya sa aka kawo lemo, sannan ya dubi bayan Maiwada.

"Ina motar?"

"Ga ta a gabanka."

Alhaji Kabo ya cire tabarau. Ya matsa, ya kai yatsa, ya janye, ya duba ƙaiƙayin da ya manne masa.

"Inna lillahi. Wane maƙiyin Allah ne ya yi maka wannan? Faɗa mini sunansa, ni zan raka ka kotu."

Direbobi suka fara tari. Maiwada ya gyara wuyan riga. "Aikin hannuna ne. Ruwan gwal ne, sai da daddare yake nunawa."

"Wannan tsuntsun fa?"

"Gaggafa."

"Wane kamfani ne ke yin gaggafa? Yanzu in mai saye ya zo in ce masa me? In ce Ƙi-mutu ce, ya ce ina shaida?" Ya buɗe ƙofa ya leƙa mita. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya yafito direbobin. "Ku zo ku taya ni karatu, ƙila idona ne. Dubu ɗari tara da casa'in da tara da ɗari takwas da saba'in. Malam, saura kilomita ɗari da talatin motarka ta cika miliyan. Daga Gaya zuwa Ajingin ne ka yi wannan, ko kana ɗan leƙa Makka da rana?"

Wani direba ya zauna a ƙasa don dariya.

"Miliyan ɗaya da rabi," in ji Alhaji Kabo, ya koma ƙarƙashin laimarsa. "Shi ma don muna mutunci. Cikonka ya zama uku. A mayar da lemon nan cikin firiji."

Mai hankali a nan zai ja motarsa ya tafi neman kananzir da tsumma. Amma mutum shida na kallo, kuma duk Gaya ta ji cewa Baldora zai hau. Maiwada ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya ce, "Uku kawai? Ajiye mini ita."

Jin haka aka sake fito da lemo. Alhaji Kabo ya rungumo kafaɗarsa ya kai shi gaban jif. "Alhajina, ka yi sa'a. Wata likita ce ta hau ta a Turai, daga gida sai asibiti. Motar nan ba ta san rami ba. Kujerun fata, ga taga a sama, ga ta tana magana. Makullinta ɗaya ne dai, ka riƙe shi da kyau."

"Kayan gyara fa?" in ji ɗaya daga cikin direbobin.

"Abin da ba ya lalacewa me zai yi da kayan gyara?"

Gyaɗar da Maiwada ya noma a shekarar ta tafi gaba ɗaya, ba ta isa ba. Shanun huɗa suka bi ta. Ranar da aka zo korar su Hure ta tsaya a bakin turke har suka ɓace, sannan ta juyo.

"In damina ta faɗi da me za ka yi huɗa?"

"Mai jif ba ya huɗa, Hure. Sawa yake a yi masa. Daga yanzu ba ni ba buhun gyaɗa. Shatar manyan mutane zan riƙa ɗauka, 'yan siyasa da masu biki. Tafiya ɗaya ta biya kuɗin sa guda."

"Allah ya sa manyan su san da zamanka."

Don manyan su san da zamansa, ya zaɓi ranar kasuwar Ajingi ya fara fito da ita. Kuma jif ba ta kyau ba babban mutum a baya, sai ya tuna da surukinsa, mahaifin Hure, wanda duk Gafasa ke kira Bappa. Dattijo ne mai jiki, mai kiwo, mai ƙarancin magana, kuma a ranar yana da wani ƙaton rago da zai kai kasuwa. Maiwada ya biya Gafasa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, yau ba za ku hau kurkura ba. Mota na kawo."

Bappa ya dubi jif ɗin. "Ina farar?"

"An ci gaba, Baba."

"Ragon fa?"

"Shi ma yau zai ɗana."

Aka cusa rago a bayan kujeru, Bappa ya zauna a kujerar mai gida. Maiwada ya zuge tagar rufi don mutanen hanya su shaida. Ba su yi nisa ba wata murya ta mace ta fito daga gaban motar, ta yi magana da wani yare mai kaushi. Bappa ya waiga hagu da dama.

"Wace ce wannan?"

"Motar ce, Baba. Gaishe ku take."

"To, ina amsawa. Lafiya lau."

An jima ta sake magana, wannan karon da ƙararrawa, wata jar fitila ta kama.

"Yanzu kuma me ta ce?"

"Tana tambayar mutanen gida."

Kafin su kai Ajingi ta tambayi mutanen gida sau tara, fitilu biyar sun kama, ja da ruwan lemo, allurar mai kuwa tana sauka a kan idonsa. Ya danna wani maɓalli don ya sa mata na'urar sanyi, sai kujerar Bappa ta fara ɗumi. Dattijo ya yi ta gyara zama, rana na dukansa ta sama, kujera na gasa shi ta ƙasa, kunyar suruki ta hana shi magana. Can dai ya ce, "Maiwada, a ƙasarsu kan murhu suke zama?"

Suka shiga Ajingi kasuwa ta cika ta batse. Maiwada bai tsaya a tasha ba. Ya kutsa da ham har bakin karar dabbobi, ya faka a tsakiyar hanya, daura da wata mata mai suna Indo da ke suyar ƙosai a ƙaton kasko, gefenta mata masu man gyaɗa sun jera galan-galan. Mutane suka fara taruwa. Abin da ya shekara goma sha ɗaya yana nema ke nan.

"Baba, ku zauna. Manya ba sa shiga kara da ƙafa. Bari in kirawo dillali ya zo ya same ku a mota."

Ya fito, ya rufe ƙofa, ya ɗaga makulli sama yadda kowa zai gani, ya danna. Motar ta yi ƙara, fitilu suka ƙifta. Jama'a suka ce, "Kai!" Daɗi ya kama shi, ya sake dannawa. Wani abu ya yi ƙas a cikin ƙofofin huɗu.

"Wannan makullin da kuke gani," in ji shi, ya zura yatsa a zoben yana juya shi, "kwamfutar da ke cikinsa ta fi ta banki. Daga Gaya zan iya buɗe ta tana Ajingi. Motar nan likita ce ta..."

Makullin ya fice daga yatsa. Ya yi sama, ya juya a iska, kowa ya bi shi da ido, ya sauka tsulum a tsakiyar kaskon Indo.

Kasuwa ta yi tsit, sai ƙarar mai.

"Baiwar Allah, makullina! Tsamo shi!"

"Kai, matsa mini! Ka watsa mini mai a zane, ko sannu babu?" Indo ta sa matsami tana lalube ba gaggawa. Ta tsamo ƙosai shida ta juye a kwando, ta sake komawa. A karo na uku ya fito, ya kumbura, robar ta narke ta rungume maɓallan. Ta ajiye masa a takarda. "Ga shi. A sa yaji?"

Maiwada ya yi ta jujjuya shi daga hannu zuwa hannu yana hurawa. Ya danna inda maɓalli yake a da. Shiru. Ya ja ƙofa, gam. Ya ƙwanƙwasa gilashi. "Baba, ku ja hannun ƙofar ta ciki!" Bappa ya ja, ya sake ja, ya gwada ɗaya ƙofar. Dannawa ta biyun nan ta kulle motar ta yadda ko daga ciki ba ta buɗuwa.

A daidai nan rago ya gaji da zama, ya tsallako kan kujera. Motar ta ji motsi a cikinta alhali tana kulle, ta ɗauka ɓarawo ne. Ta saki jiniya. Ham na tashi, fitilu na walƙiya, matar nan ta cikin mota tana ta faɗa da yarenta. Tumakin kara suka tsinke igiya suka bazu cikin 'yan tumatir. Wani jaki ya zubar da buhunan gero ya nufi hanyar gida. Rago kuwa ya taka cinyar Bappa, ya dafe kan kujera, ya zuro kai da ƙahoni ta tagar rufi yana kuka, kamar ɗan takara ya fito gaisawa da jama'a. Nan take wani dillali ya ɗaga murya ya taya shi dubu ɗari da tamanin.

"A fasa gilashi!" in ji wani.

Maiwada ya baje hannuwa ya kare motar. "Kada wanda ya taɓa! Babu irinsa a Kano!"

"Surukin naka akwai irinsa a Kano?" in ji Indo.

Aka yanke shawarar a fito da su ta sama. Majiya ƙarfi biyu suka hau rufi suka kama ƙahon rago suka zaro shi, bayan ya cinye rabin fatar kujera, ya kuma bar wa kujerar abin da ya bari. Saura Bappa. Ya miƙo hannuwa, kai ya fito, kafaɗu suka fito da ƙyar, ciki ya zo ya tsaya. Ba gaba, ba baya. Dattijon da ko tari ba ya yi a gaban surukai, ga shi rabi a sama rabi a ƙasa a tsakiyar kasuwar Ajingi, hula ta karkace, jiniya na tashi a ƙarƙashinsa, wayoyi sun fi talatin a sama suna ɗauka.

Dole Maiwada ya hau da kansa. Ya durƙusa a kan rufi, fuska da fuska da surukinsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, sannunku da hanya."

"Ja ni, Maiwada."

"Baba, ku ɗan shanye cikin."

"Shekara sittin da takwas ina tara shi. Ja ni."

Ya kama hammatarsa ya ja, babbar riga ta yage, Bappa bai motsa ba. Sai ɗaya daga cikin masu man gyaɗa ta miƙo kwalba. Aka tsiyaya a kewayen cikin, aka ƙara ta biyu. Mutum uku suka kama, har da Maiwada, jama'a na ba da baki, aka ce ɗaya, biyu, uku. Bappa ya fito sumul, su huɗu suka gangaro ta kan gilashin gaba suka zube a bonet. Kasuwa ta ɗauki tafi da kabbara. Jiniyar ta yi wani kuka siriri ta mutu, batir ya ƙare.

Bappa ya tashi yana ƙyalli, ya gyara hula, ya karɓi igiyar ragonsa. Bai dubi Maiwada ba. Ya ce wa mai man, "Kwalba biyu ne, shi zai biya," ya shige kara.

Cikin masu kallo har da Alhaji Kabo, wanda ke kawo motoci biyu kowace ranar kasuwa ko Allah zai kawo mai tsautsayi. Maiwada ya hango shi ya ruga, riga duk mai.

"Alhaji, gara da na gan ka. Na fasa. Karɓi jif ɗinka ka ba ni wagon ɗina."

Alhaji Kabo ya dubi ƙafarsa. Takalmi ɗaya ya ɓace a wurin gangarowa. Ya ɗaga haɓa.

"Wace jif? Wannan? Malam, ai Kwana-gareji ce. Wa ke sayen wannan?"

"Kwana huɗu da suka wuce Baldora ce!"

"A filina Baldora ce. Da ta fita ƙofa ta koma sunanta na gida."

"Ka ce likita ce ta hau ta!"

"Likita ta hau, na ƙarshe dai rago ne, kowa ya gani. Ba makulli, ba batir, kujera a cikin dabba. In ka kawo mini ita har fili, dubu ɗari takwas. Don muna mutunci."

"To wagon ɗina?"

"Wannan ai ko kwana ba ta yi ba. Na sa aka wanke ƙazantar da kananzir, fentin kamfani ya fito fes, ka san na ƙyaure ba ya kama jikin mota. Wani mutumin Dutse ya ba da uku da rabi ko tayi bai yi ba. Ƙi-mutu ce fa. Kai da ka san mota, wa ke sakin irin wannan?"

Aka kira Kamalu a waya, ya zo a kan babur. Ya karɓi makullin ya shinshina, ya mayar. Ya ce giya a kulle take, sitiyari a kulle, ko turawa ba ta yi, kuma mai yanka irin wannan makulli sai Legas, shi ma sai an aika wa kamfani a ƙasar waje. Ya dubi abokinsa ya ce, "Ko za ka sa mata kunne?"

A bayan babur ɗin Kamalu ya koma Gaya. Hoton bidiyon ya riga shi isa. Ya tarar da Hure zaune a tsakar gida da waya a hannu, maƙwabta mata huɗu sun kewaye ta, muryar Bappa na fitowa daga wayar tana cewa shekara sittin da takwas. Matan suka tashi suka fice suna toshe baki. Hure ta kashe wayar, ta dube shi.

"Da man gyaɗa, Baban Zuhra. Ubana. Da man gyaɗa."

"Mai kyau ne, Hure, na matsar ranar..."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Sai da ya yi sawu uku a Gafasa da goro da dattawa kafin Bappa ya yarda ya amsa gaisuwarsa, shi ma da sharaɗin ko keke Maiwada ya saya kada ya biyo ta ƙofar gidansa.

Jif kuwa tana nan inda ta tsaya. Wani mai yanka makulli ya zo daga Kano gwada sa'a sau biyu, ya jona kwamfutarsa, ya ci ƙosai, ya koma. Indo ta matso da kaskonta inuwar motar, masu man gyaɗa suna jera galan a kan bonet, dillalan tumaki suna ɗaure dabbobi a tayoyinta. In baƙo ya tambayi hanyar kara, sai a ce ya miƙe har jif ɗin Maiwada ya karya dama. Da damina ta faɗi ya yi huɗa da shanun haya, ya kuma karɓi tuƙin kurkurar wani yana ɗaukar taki. Duk ranar kasuwa, in ya sauke kaya a Ajingi, sai ya ari bokiti ya wanke ta tas.

Wata rana a garejin Kamalu direbobi na gardamar wace mota ce ta fi aminci a ƙasar nan. Maiwada ya faka kurkura, ya saurara kaɗan, ya ɗaga yatsa.

"Ku bar wannan maganar, ba ku san mota ba. Baldora ce. Wata bakwai ke nan tana hannuna. Ko lita ɗaya ba ta ƙara sha ba, ko faci ban yi ba, kuma ga Kamalu nan, ya faɗa muku in ta taɓa kwana a garejinsa."

Kamalu ya ajiye sifana. Ya ce, "Wallahi ba ta taɓa ba."

"To kun ji," in ji Maiwada. Ya ja kurkurarsa, ta ƙi tashi, ya ce su taimaka su tura.